Sojan rezin a cikin kwali: yaya ake gane mai inganci kafin a ɓata fenti a kansa?

Tambayar da ke yawan tasowa tsakanin masu sha'awar harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi da 'yan mutum-mutumin sojoji ita ce, me ya sa soja ɗaya tilo da aka zuba da rezin, wanda tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, yakan ci kuɗin da ya kai na kwalin filastik mai ɗauke da sojoji huɗu ko biyar? Idan kuma mutum ya daure ya biya, da me zai gane cewa abin da ya zo masa ya cancanci kuɗin? Tambayar ta ƙara zafi a 'yan shekarun nan, domin kasuwannin intanet sun cika da kwafin sata masu ɗauke da hoton kaya na asali, sannan na'urorin bugun 3D sun shigo da wani nau'in kaya na dabam wanda shi ma rezin ake kiransa. Wannan ya sa da yawa daga cikin sababbin shiga suka ɗauka cewa da zarar an rubuta rezin a jikin kwali an gama magana, alhali kalmar tana faɗin abin da aka yi kayan da shi ne kawai, ba ta ce komai game da hannun da ya yi aikin ba.

Mene ne rezin, kuma me ya raba shi da filastik?

Rezin ɗin da ake zuba waɗannan sojoji da shi galibi nau'in foliyuretan ne, wanda ke zuwa a matsayin ruwa kala biyu a kwalabe dabam-dabam. Idan aka gauraya su bisa ƙa'idar awo sai su ɗauki zafi da kansu, su daskare cikin mintoci, su zama abu mai tauri wanda ba ya sake narkewa. Kafin a kai ga zubi, mai ƙira yakan fara sassaƙa soja na asali da wani irin foti mai daskarewa, kamar Milliput ko Magic Sculp, ko kuma ya zana shi a kwamfuta da manhaja irin ZBrush sannan a buga shi. Wannan uwar ƙira ita ake lulluɓewa da robar silikon, idan robar ta kama jikinta a tsaga ta a ciro ƙirar, ramin da ya rage kuwa shi ne mazubin da za a riƙa tsiyaya rezin a ciki.

Sojan filastik kuwa wata hanya ce dabam. Ana narkar da folistirin ne a tura shi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, kuma tun da ƙarfe ba ya lanƙwasa, dole duk abin da aka zuba ya iya zamewa ya fito miƙe idan an buɗe. Saboda haka duk wani lungu da ke ƙarƙashin kwalar riga, ko bayan kunne, ko tsakanin yatsu, sai an cike shi ko an shafe shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa sojan filastik yakan yi kyau daga gaba amma siffarsa ta dushe daga gefe. Robar silikon tana miƙewa ta saki abin da ke cikinta ko da yana da saƙo da lungu, to daga nan fifikon rezin ya samo asali. Sai dai fifikon yana da farashinsa: mazubin ƙarfe yana fitar da dubban ɗaruruwan kwafi, na silikon kuwa yakan gaji bayan 'yan gomomi, domin zafin rezin yana busar da robar har ta fara yagewa. Kowane soja da hannu ake zuba shi, kuma kowane ɗan lokaci sai an sake sabon mazubi. Kamfanin Verlinden, wanda François Verlinden ya kafa a Beljiyam, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan sana'a a shekarun 1980, kuma har yau yawancin masu yin ta ƙananan masana'antu ne na mutum ɗaya ko 'yan kaɗan.

Abin da za a fahimta daga nan shi ne, soja biyu masu lamba ɗaya daga kamfani ɗaya na iya bambanta, domin ɗaya ya fito daga mazubi sabo fil, ɗayan kuma daga wanda ya kusa yin ritaya.

Ma'auni: abin da rula ke iya warwarewa

Ma'aunin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne 1/35, wanda kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya kafa da tankokinsa tun farkon shekarun 1960, ya kuma fara fitar da sojoji a kansa a 1968. Lissafinsa mai sauƙi ne: ana raba girman abu na gaske gida 35, don haka mutum mai tsawon santimita 175 zai zama milimita 50. A ma'aunin 1/72 zai zama kimanin milimita 24, a 1/16 kuwa kimanin milimita 109. Akwai kuma tsohon ma'auni na milimita 54, wanda ya yi daidai da 1/32, kuma a nan ruɗani ke shigowa, domin wasu masu ƙira suna sassaƙa sojan da ya fi kusa da 1/32 su rubuta 1/35 a kwali. Bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin goma, kuma ana ganinsa sarai idan aka tsayar da sojan kusa da ƙofar tanka, ko aka yi ƙoƙarin zaunar da shi a kujerar direba ya ƙi shiga.

Auna tsawon sojan kaɗai ba ya yanke hukunci, tun da mutane ba tsawo ɗaya suke da shi ba, kuma soja dogo a cikin gajeru ba aibi ba ne. Abin da ba ya canzawa shi ne kayan da masana'anta ta ƙera bisa awo ɗaya: bindiga, hular kwano, jarka, akwatin harsashi. Bindigar Karabiner 98k ta sojojin Jamus tana da tsawon milimita 1,110, don haka a 1/35 ya kamata ta zama ƙasa kaɗan da milimita 32. Idan rula ta nuna ta doshi 35, to kayan 1/32 ne, ko me aka rubuta a kwali. Wanda zai ajiye sojan shi kaɗai a kan ɗan dandamali ba shi da asara a nan, amma wanda zai haɗa shi da sojojin wani kamfani a fage ɗaya zai ga hular wannan ta haɗiye ta wancan.

Hannun mai ƙira shi ne abin dubawa na farko

A ganina, kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne fara ƙirga ramukan iska da layin haɗi, su bar abin da ya fi muhimmanci, wato ko sojan ya yi kama da mutum. Ramin iska aikin minti biyar ne da foti, amma hannun da ya fi ƙima tsawo, ko wuyan da ya fito daga wurin da ba nasa ba, babu fentin da zai rufe shi. Wanda zai iya gyara irin wannan aibi ya riga ya zama mai ƙira da kansa, bai kuma buƙaci sayen na wani ba.

Ana fara duba daidaiton gaɓoɓi ne da kai. Tsawon baligi yakan kai ninki bakwai zuwa bakwai da rabi na tsawon kansa, don haka a 1/35 kai zai kasance kimanin milimita bakwai daga haɓa zuwa tsakar ka. Idan kan ya fi haka sosai sojan zai yi kama da yaro sanye da kakin babansa, idan kuma ya gaza sai ya zama wani ƙato marar fasali. Gwiwar hannu tana sauka ne wajen ƙugu, yatsu kuma suna kai wa tsakiyar cinya idan an saki hannu, tafin hannu da yatsunsa kuwa yana rufe fuska daga haɓa zuwa goshi. Waɗannan awo kowa na iya gwada su a jikinsa kafin ya gwada su a jikin rezin.

Bayan daidaito sai tsayuwa. Mutumin da ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ramin maƙogwaronsa yana kasancewa daidai saman wannan ƙafar, ƙugunsa ya karkata, kafaɗunsa kuma su karkata ta ɗaya gefen don su rama. Sojan da ke ɗauke da akwatin harsashi a hannun dama dole ya jingina zuwa hagu, kafaɗar dama ta ja ƙasa, hannun rigar ya miƙe tsaf. Idan aka ga yana tsaye ƙyam kamar akwatin fanko ne, to mai ƙirar ya manna masa kayan ne daga baya, bai yi tunanin nauyinsu ba. Ido yana gane wannan tun kafin hankali ya gano dalili, shi ya sa wani sojan za ka gan shi ba ka san abin da ke damunsa ba, amma ranka bai kwanta da shi ba.

Fuska ita ce inda mai kallo ke fara kai ido, kuma ita ce mafi wuyar aiki, domin a wannan ma'auni faɗin ido bai cika milimita ɗaya ba. Fuska mai kyau tana da fatar ido ta sama da ta ƙasa a bayyane, da ƙashin kunci, da ramukan hanci, da leɓɓa biyu da suka rabu, da kunnuwa a daidai tsakanin layin gira da ƙasan hanci. Idanu su kasance a tsakiyar kai, ba can sama kusa da gashi ba, kuma ɓangaren hagu ya yi daidai da na dama idan aka kalle shi ta gaba da ta sama. Muhimmancin fuska ya kai ga akwai kamfanonin da suka yi suna da sayar da kawuna zalla, kamar Hornet na Ingila da ke fitar da su biyar-biyar don a canza wa sojan da jikinsa ya yi kyau amma fuskarsa ta gaza, yayin da Alpine Miniatures ya saba sanya kai biyu a kwalin kowane soja, kowanne da irin hularsa. Wannan yana nufin mummunar fuska aibi ce mai magani, ko da yake maganin sai an sake buɗe aljihu.

Hannaye kuwa su ne ke tona asirin mai ƙira mai gaggawa. A duba ko yatsu biyar ne kuma kowanne ya fita dabam, ko suna da gaɓɓai, ko babban yatsa yana inda ya dace, sannan a duba ko sun riƙe bindigar da gaske ko suna shawagi ne a gefenta. Ƙwararru da yawa sukan zuba tafin hannu manne da makamin, a haɗa shi da damtse a bakin hannun riga, domin ta haka ne kawai riƙon ke fitowa kamar na gaske.

Sai tufafi, inda ake gane wanda ya lura da duniya da wanda ya zazzana layuka don cike wuri. Kowane lanƙwasar yadi yana da dalili: yana tasowa ne daga inda aka ja ko aka matse, kamar hammata, gwiwa, bayan gwiwa, ko inda ɗamara ta ɗaure. Babbar rigar sanyi ta ulu tana yin ninki kaɗan masu kauri da nauyi, rigar auduga ta ƙasar zafi kuwa tana yin ƙanana masu yawa da kaifi, fata kuma tana da nata salon. Idan duk kayan jikin sojan ninki iri ɗaya suke da shi, to an yi su ne da ka. Haka nan maɗaurin jaka ya kamata ya nutse cikin rigar, yadin ya kumbura a gefensa, aljihun da aka cusa wa kaya kuma ya nuna cewa da abu a ciki. A nan akwai wani sassauci da ya kamata a yi wa mai ƙira. Ɗamarar fata mai kaurin milimita uku idan aka rage ta zuwa 1/35 ba za ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, maɓalli kuma zai zama kimanin rabin milimita, don haka dole a ɗan ƙara musu kauri don buroshi ya same su. Ƙari kaɗan gwaninta ne, amma idan ɗinkin wando ya zama kamar igiya an wuce gona da iri.

Aibin zubi: wanda ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Idan ƙira ta ci jarrabawa, sai a juya ga aikin mai zubi, kuma a nan abin da ake so shi ne haske mai ƙarfi da ke zuwa daga gefe da gilashin ƙara girma. Aibin da aka fi sani shi ne ramin iska. Iska takan maƙale a wuraren da suka fi tsini ko suka fuskanci sama lokacin zubi, wato kan hanci, haɓa, bakin yatsu, bakin hular kwano da dugadugan takalmi. Masu aiki da kyau suna zuƙe iskar da injin, ko su sanya mazubin cikin tukunya mai matsin iska har kumfar ta ƙanƙance ta ɓace kafin rezin ya daskare. Rami ɗaya ko biyu a bayan riga ba abin damuwa ba ne, ɗigon gam ko ɗan foti ya wadatar. Ramin da ya cinye rabin hanci kuwa wata magana ce, haka nan fatar da ta cika da 'yan ƙananan huji kamar tsinin allura, wadda galibi alama ce ta cewa danshi ya shiga rezin, domin foliyuretan idan ya haɗu da ruwa yakan fitar da iska ya yi kumfa. Irin wannan kana cike goma, samfefa na buɗe maka wasu ashirin da ke ɓoye a ƙarƙashi.

Layin haɗi, wato siririn tabon da ke nuna inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu, kusan ba a rasa shi, kuma idan siriri ne ana kankare shi da bayan wuƙa. Abin lura shi ne inda aka bi da shi: mai zubi mai tunani yakan ɓoye shi a ɗinkin wando ko gefen hannu, ba ya ratsa shi ta kan kunne ko tsakiyar kunci. Mafi muni shi ne gocewar mazubi, inda ɓari ɗaya ya zame kaɗan, sai a ga kamar matakala a jikin sojan, rabin maɓalli a sama rabi a ƙasa. Gyaran wannan yana nufin a rage gefe ɗaya a cike ɗayan, kuma duk adon da ke kan layin ya tafi. Siririn ɓawon rezin da ke fitowa tsakanin yatsu ko ƙafafu kuwa ba komai ba ne, buroshin haƙori ma yakan cire shi.

Akwai kuma kututturen zubi, wato dunƙulen rezin da ya daskare a mashigar mazubi, wanda dole a yanke shi da ƙaramin zarto. Girmansa bai kai wurin da aka maƙala shi muhimmanci ba. Idan yana ƙarƙashin takalmi, ko cikin kafaɗa inda hannu zai rufe, an yi aiki da hankali, amma idan an dasa shi a tsakar hular kwano ko a kan gashin kai, mai saye ne zai sake sassaƙa wurin. Sassan da suka lanƙwashe, kamar bakin bindiga ko takobi, yawanci suna miƙewa idan an tsoma su a ruwan zafi aka daidaita aka sa a ruwan sanyi. Ƙulle-ƙullen da ke cikin lunguna, ko guntun roba mai launi da ya maƙale a ƙarƙashin kwala, shaida ce cewa mazubin ya tsufa ya fara yagewa.

Aibi ɗaya ne ba shi da magani ko kaɗan, shi ne rezin da bai nuna ba. Idan ba a auna ruwan biyu daidai ba, ko ba a gauraya su sosai ba, wani sashe yakan kasance da danƙo ko laushi, farce na shiga cikinsa, ko ya riƙa tsattsafo da maiƙo. Kada a rikita wannan da man da ake shafa wa mazubi don kaya su fita da sauƙi, wanda ruwan ɗumi da sabulu ke wankewa. Idan an wanke an shanya amma bayan kwana biyu maiƙon ya dawo, to daga ciki yake fitowa. Na taɓa yi wa irin wannan sojan fenti har na gama, bayan 'yan watanni fentin bayansa ya kumbura ya saɓule, kuma babu abin da ya rage sai jefarwa.

Haɗuwar sassa

Kafin a taɓa gam, ana gwada kowane sashe a wurinsa. Hannu ya zauna a kafaɗa ba tare da giɓi ba, ninkin rigar ya ci gaba daga jiki zuwa hannu, jaka kuma ta sami gurbin da aka tanadar mata a baya maimakon ta tsaya a kan iska. Gam ɗin filastik ba ya kama rezin, domin aikinsa narkar da folistirin ne, don haka sai sufa-gulu ko gam mai haɗi biyu, kuma a manyan ma'aunai irin 1/16 akan huda a sa 'yar wayar tagulla a gaɓar don ƙarfi. Tun da sufa-gulu ba ya ba da lokacin gyara, sassan da ke da ɗan ƙulli da ramin shigarsa sun fi waɗanda aka bari sumul.

Ko kakin ya dace da shekarar da aka rubuta?

Soja na iya zama kyakkyawa a ƙira, tsaf a zubi, amma ya saɓa wa tarihi, kuma masu wannan sha'awa sun rabu a kan nauyin da za a ba wannan. Misalin da aka fi bugawa shi ne na sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, domin kayansu sun yi ta sauyawa yayin da yaƙin ke cin tattalin arzikinsu. Rigar samfurin 1936 tana da kwala mai launin kore mai duhu, da maɓallai biyar, da aljihuna masu ninki, ta samfurin 1943 kuwa maɓallai shida gare ta, aljihunanta babu ninki kuma murafensu a miƙe suke. Hular kwano ta 1935 bakinta a naɗe yake, ta 1942 kuwa an bar shi a buɗe don rage aiki a masana'anta. Makamin harbin tanka na Panzerfaust bai shiga fagen daga ba sai 1943, don haka sojan da aka ce na yaƙin Faransa ne na 1940 ba shi da hurumin riƙe shi. Ƙa'idar ita ce tsohon kaya na iya bayyana a shekarun da suka biyo bayan ƙera shi, tun da soja yakan ci gaba da sa abin da aka ba shi har ya yage, amma sabon kaya ba ya komawa shekarar da ba a ƙera shi ba.

Masu tsanantawa suna cewa wanda ya karɓi kuɗi mai yawa a kan soja ɗaya ba shi da uzurin kuskuren da hoto ɗaya na lokacin zai gyara. Masu sassauci kuma suna cewa su fenti ne ya dame su, ba ƙirga maɓallai ba, kuma hotunan yaƙi kansu cike suke da sojojin da suka gauraya kaya. Duka biyun suna da hujja, amma ni na lura cewa mai ƙirar da ya damu ya ƙirga maɓalli, da wuya a same shi ya yi sakaci da yatsu.

Zubin sata da dalilin arharsa

Zubin sata shi ne a sayi soja na asali guda, a yi sabon mazubi a kansa, a riƙa zubawa ana sayarwa da hoton mai shi. Arharsa ba abin mamaki ba ce, tun da ɓarawon bai biya mai ƙira ba, bai yi bincike ba, bai biya wanda ya yi fentin hoton kwali ba. Amma kwafin kwafi kullum yana rasa wani abu. Rezin da silikon suna ɗan tsukewa idan sun daskare, don haka jabun yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, kaifin ido da na ɗinki ya dushe, sassan kuma su daina haɗuwa daidai domin kowanne ya tsuke gwargwadon kaurinsa. Alamar da ta fi tona shi ita ce layin haɗi biyu a wuri ɗaya, na asali da aka kwafa da kuma sabon da ɓarawon ya ƙara, ko a ga tabon tsohon kututture da aka yanke ya zama sashen jikin sojan. Sau da yawa kuma yakan zo a leda ba kwali, da maiƙo da wari mai ƙarfi.

Masu sayensa suna kafa hujja da cewa na asalin ya yi tsada, ko an daina yin sa, ko kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Masu ƙira kuma suna amsawa da cewa abin da suke sayarwa na kowane soja ba shi da yawa tun asali, don haka idan jabu ya kwashe rabin kasuwar, makonnin da aka yi ana sassaƙa ba za su biya kansu ba, kuma soja na gaba ba zai fito ba. Ga sabon shiga akwai wata asarar ta dabam: wanda ya fara koyon fenti a kan fuskar da idanunta suka shafe zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Rezin na bugun 3D wani abu ne dabam

Sojan da aka buga da na'urar 3D ba a zuba shi a mazubi ba. Ruwan rezin ne mai daskarewa idan hasken da ya dace ya taɓa shi, ana gina shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace mai kaurin da yawanci ke tsakanin milimita 0.02 da 0.05. Don haka ba shi da layin haɗi ko kututture, kuma na farko da na ɗari duk ɗaya ne, tun da babu mazubin da zai tsufa. Aibinsa na kansa ne: layukan shimfiɗa da ke fitowa kamar zoben itace a kan wurare masu lanƙwasa irin hular kwano da kunci, da tabon 'yan sandunan da ke tallafe shi lokacin bugu. Shimfiɗar milimita 0.05 a ma'aunin 1/35 daidai take da tudun da ya kusa milimita biyu a fuskar mutum na gaske, don haka ba ƙaramin abu ba ne idan fenti mai ruwa ya kwanta a ciki. Ya kuma fi rezin na zubi saurin karyewa, kuma idan an buga shi da rami a ciki ba a bar hujin da ragowar ruwan zai fita ba, yana iya tsagewa bayan watanni.

Ta fuskar ƙira, zanen kwamfuta yakan fi hannu daidaito a kan bindiga da ƙarafan ɗamara, amma yana da tarkonsa: abin da ya yi kyau a allo, inda aka ƙara masa girma ninki ashirin, yana iya zama marar zurfin da buroshi zai kama idan ya fito a milimita 50.

Abin da mai saye zai nema ya gani

Hoton kwali aikin gwanin fenti ne, kuma gwani yana iya zana inuwa da ninki a inda babu su. Hoton da aka ciro daga kwamfuta kuwa yana nuna abin da aka yi niyya ne, ba abin da ya fito daga na'ura ba. Abin da ya kamata a nema shi ne hoton sassan kansu ba fenti, daga gaba da baya da gefe, musamman fuska da hannaye a kusa. Idan kayan sun iso, a ƙirga sassan tun ranar, domin masana'antu da yawa sukan aiko da madadin sashen da ya karye ko ya ɓace idan an sanar da su da wuri kuma an saya ta halastacciyar hanya, abin da mai zubin sata ba ya yi.

Lokacin yanka da gogewa a kula da ƙura, domin garin rezin yana da laushi ƙwarai kuma shaƙarsa na cutar da huhu, don haka ana jiƙa zarto da samfefa da ruwa, a sa takunkumi, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan an wanke sassan da sabulu sun bushe, sai a fesa musu siririn fentin share fage mai launin toka. Rezin tsirara, musamman mai launin madara, yana ɗan barin haske ya ratsa shi, wanda ke ɓoye ƙananan ramuka da layuka. Launin toka yana kashe wannan ƙyalli, kuma a ƙarƙashinsa ne, da fitila daga gefe, ake ganin hujin da ke kan haɓa da layin da ya rage a bayan kunne, a lokacin da foti da wuƙa ke iya kai musu ba tare da an ɓata fentin fuska ba.